Da Bakina Na Fassara

Sagnarigu, Tamale
Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma, ban ko cire kayan sujada ba

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Mama tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan.

Har yanzu ni nake yi wa Fasto tafinta, yana wa'azi da Turanci, ina juya wa tsofaffi da Hausa. Ranar Alhamis wani asibiti a Kumasi ya ɗauke ni aikin gwajin jini, abin da na karanta. Suna jiran amsata ranar Laraba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Yau Fasto ya yi wa'azi cewa Allah ya zaɓa wa kowa aikinsa tun kafin a haife shi. Ana cikin haka ya dafa kafaɗata ya ce nan Allah ya ƙaddara mini in tsaya in yi hidima. Ya tsaya yana jira in fassara. Yaya, na fassara. Ban rage kalma ɗaya ba. Mama ce ta fara cewa amin, tana share hawaye. A bakin ƙofa dattijo Baba Dauda ya riƙe hannuna yana dariya: "To, ɗana, da bakinka ka faɗa, mu ne shaidu."

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da yara. Ga abin da ban sani ba: ko maganar ta Allah ce ko ta Fasto, ko tafiyata gudun kira ce, ko Kumasin ma Allah ne ya shirya. Kuma in na tafi, wa zai riƙa juya wa Mama wa'azi?

Ƙaninki,
Yohanna