Iska ko Allurar Jijiya

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Tunda waya ba ta shiga inda kuke aiki, ga takarda.

"Hanya biyu ce," in ji likitan da zai sa Baba barci ranar aikin zuciyarsa, yana murza biro. "Ko ya shaƙi iskar barci, ko mu zuba magani ta jijiya. A danginku akwai wanda maganin barci ya taɓa ba wa matsala?"

Gwaggo ta gyara zama: "To ai shekarar da marigayi Baffanku..." Ka san Gwaggo, labarinta sai ya biya ta haihuwar mutum bakwai kafin ya iso. Na taka mata ƙafa, na ce wa likita babu, da Turanci, don a san an yi boko. Na zaɓi iska, na karanta cewa tana lallaɓa zuciya. Laraba za a shiga aikin.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Malama,

Bayan gaisuwa, ki ajiye takardar nan ki ruga wurin likita! Kina goye aka yi abin, shi ya sa ba ki sani ba. Aikin ƙaba kawai aka je yi wa Baffa. Ana sa masa iskar nan jikinsa ya ɗau zafi kamar garwashi, ya sandare, bai farka ba. Gwaggo ce ta raka shi, ita aka faɗa wa abin yana bin jini. Shi da Baba kuwa ciki ɗaya. Don girman Allah a bar tsohuwa ta ƙarasa maganarta.

Allah Ya tsare.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso ranar Alhamis.

Ranar Laraba, ba su kai ga buɗe ƙirjin Baba ba zafin ya taso. Suka cire iskar, suka lulluɓe shi da ƙanƙara. Yana raye, amma ƙodarsa ta taɓu. Zuciyar tana nan yadda take. Aikin kuma sai Baba ya yi ƙarfi, in zai yi. Kai da yaranka, kada ku yarda a sa muku iskar nan.

Likita ya zaunar da Gwaggo ya rubuta labarinta kaf. Minti huɗu ta ɗauka. Na duba agogo.

Ɗazu na same ta a ɗakin jinya tana goge wa Baba fuska. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "'Yar boko, ja mana ƙofar nan, sanyi na damun ƙanena."

Na ja ƙofar, na kama hanya.

Sai ka zo.
Ƙanwarka