Humrar da Ban Ji Ƙamshinta Ba

Lahadi, 1 ga Rajab, 1330
Zazzaɓi ya tafi, ya tafi da hancina. Na turara sandal har idona ya yi ruwa, ban ji komai ba. Ba wanda zai sani.

Talata, 3 ga Rajab
Nasara sun kwashi samari dako zuwa Damagaram, har da autana Rabi'u. Gida ya rage daga ni sai matarsa Jamilatu, sai tukunyar humra. Da ita za mu ci. Hannu dai bai manta ba.

Juma'a, 6 ga Rajab
Kasuwa. Matar Alhaji Illa ta maido kwalba. Wai da safe ƙamshin amarya, da azahar ƙarnin bakin tafki. Na ce jikinta ne.
Ba jikinta ba ne.

Asabar, 7 ga Rajab
Na kira Jamilatu, wadda ban taɓa bari ta leƙa ɗakin haɗi ba. Na shafa mata humrar a wuyan hannu, na ce kar ta wanke, duk abin da ta ji ta faɗa mini. Ta sunkuyar da kai: "Inna, ai ke kika fi sani." Na ce gwada ta nake.
Da hantsi wardi ne, mai kaifi, wai har tsalle yake. Da azahar ya kwanta, kanumfari ya taso, amma da ƙarni a ƙarƙashinsa. Farcen humra ke nan, bai soyu ba. Da la'asar sandal kaɗai, mai ɗumi, ya bi fata ya zauna.

Laraba, 11 ga Rajab
Haɗi na uku. Ƙarni ya tafi, amma wardi na gudu kafin rana ta take. Dole in kama shi.
Tuwo ya kama ina zaune gabansa, ban ji ƙauri ba. Jamilatu ta zo ta sauke, ta koma aikinta. Ashe ta sani.

Alhamis, 19 ga Rajab
Jamilatu ta ce, "Inna, mu a Tsauni kajiji ke riƙe fure." Uwata ba ta taɓa sa kajiji ba. Na ce a'a.

Juma'a, 27 ga Rajab
Har yau ba labarin Rabi'u.
Wardi ya kai la'asar, sandal ya kwana a zane. Matar Alhaji ta shinshina hannun Jamilatu, ta ƙi saki. Ta ce, "Maryama, hancinki sai ke!" Yarinyar ta dubi ƙasa.
Kajijin da na sa ɗan kaɗan ne, bai kai a yi zancensa ba. Gobe Jamilatu za ta soya farce. Bayana ne ke ciwo, ba wani abu ba.