Zanzaron Durowa ta Tara

Litinin, 3 ga Maris
Sabuwar Dakta ta ce zanzaron durowa ta takwas da ta tara duk iri ɗaya ne. A haɗe su, a cire tsofaffin takardun da ke jikin allurai kafin ƙarshen wata, lokacin da za ta tura jerin sunaye a buga. Shekara sha tara ina kula da ɗakin ƙwarin nan. Ni na kamo yawancinsu, ni na soke su, ni na raba su biyu. Ta tambayi hujjata, na ce ido. Ta yi murmushi irin na masu digiri, ta ce, "Baba, ba a buga ido a takarda."

Ba za a haɗe su ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na ɗauka launi zai fisshe ni. Na durowa ta tara suna da ɗigon rawaya a ƙugu. Na jera arba'in ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ga bakwai na takwas su ma da ɗigon. Launi maƙaryaci ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Maman yara ta ce da ina duban fuskarta yadda nake duban fuskar ƙwaro, da na lura ta yi sabon kitso tun shekaranjiya.

Talata, 11 ga Maris
Kunya. Na auna tsawon ƙugu, na ga bambanci, na garzaya ofishin Dakta da takarda a hannu. Ta zo ta leƙa madubi, ta ƙirga gaɓoɓin ƙahon kansu a fili: sha uku a wannan, sha biyu a wancan. Namiji na gwada da mace. Abin da na sani tun tana firamare! Gaggawa ce ta ja min. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Daga yau mace da mace, namiji da namiji.

Juma'a, 14 ga Maris
Wuya ya sanƙare. Ba komai.

Litinin, 17 ga Maris
Na samu. A fuska yake, a ɗan faifan nan da ke saman muƙamuƙi. Na takwas bakin faifansu miƙaƙƙe ne. Na tara akwai tsaga a tsakiya, kamar wushirya. Sai an karkata allurar, haske ya bugo ta gefe, sannan take fitowa. Ashe abin da idona ke gani ke nan duk shekarun nan, baki bai san sunansa ba. Mata sittin na duba. Ban faɗa mata ba tukuna, ba zan sake gudu da ɗanyen zance ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na faɗa wa Dakta, sai ta yi min jarrabawa, ni da furfurata. Ta ɗebo talatin daga durowa biyun, ta juya takardunsu, ta ce in raba. Na raba. Ashirin da shida daidai. Huɗu tsagarsu ta cinye, wai don tsofaffi ne, tonon laka ya goge musu baki, sai na kai su wajen na takwas.

Na jira ta ce shi ke nan, a haɗe. Sai ta ja kujera ta zauna, ta manta da taron da ake jiranta. Kusan awa biyu ba ta ɗago ba. Can ta ce in zo in duba bayansu, tsakanin fuka-fuki. Na tara ƙananan ramuka cunkus kamar rariya, na takwas jefi-jefi, suna sheƙi. Huɗun nan duk rariya.

Sau dubu nawa na kalli wannan bayan?

Ta ce, "Iri biyu ne, Baba. Kai ke da gaskiya." Na ce to. Na fita wanke hannun da bai yi datti ba.

Asabar, 22 ga Maris
Maman yara ta tambaya, tunda na ci nasara me ya sa nake cin magani. Na ce rabin hujjar ba tawa ba ce. Ta ce dama wa ya ce min sai na cinye ni kaɗai?

Laraba, 26 ga Maris
An tura jerin. Takwas da tara kowa da layinsa.

Da rana na buɗe durowa ta sha ɗaya don in sauya maganin asu. Akwai wasu guda biyar a kusurwa da na daɗe ina kauda kai daga gare su. Ni na rubuta sunansu, kuma tun ranar raina bai kwanta ba. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai taɓa tambaya.

Na kai wa Dakta su. Hanya ce kawai ta bi da ni ta ƙofarta. Na ce ta duba in ta sami sarari, wataƙila na yi kuskure. Wataƙila na ce.

Gobe ƙarfe tara za mu zauna a kansu.