Ba Mazauni Ba

Kano

Kawu Mato,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin ladabi, ya damina?

Kamfanin nan na Amurka da kake yi wa rubutun ajami, ina ɗauka a waya ina tura musu, sun ce sai ka cike takardar haraji. In ba haka ba, za su riƙa zaftare wa gwamnatinsu kaso mai tsoka daga ladanka. Abu biyu ne: ka karɓo lambar haraji a Rano, sannan ka sa hannu cewa kai ba mazauni ba ne. Na ba Alu direba takardar.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Ramlatu

Rurum Tsohon Gari

Ramlatu,

Wa'alaikumus salam. Damina alhamdulillahi, takardarki ce babu daɗi.

Ashe boko hankali yake ci? Kin san Isiyaku ya kai ni gaban alƙali kan gonar fadama, wai mu baƙi ne daga Kibiya, aro aka ba kakanmu. Ana cikin wannan zan sa hannu da kaina cewa ni ba mazauni ba ne? Wuƙa zan wasa in miƙa masa? A garin nan aka yanke min cibiya! Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwo ban iya ci ba.

Ki gai da maigidanki.
Kawunki

Kano

Kawu,

Bayan gaisuwa, don Allah ka yi haƙuri, amma wallahi ka gajiyar da ni. Amurka ake nufi! Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba. Ina Isiyaku zai ga takardar da ke ƙetaren teku?

Kuma ba kai kake ba mu labari ba, cewa a da rasit ɗin haraji shi ne shaidar ɗan gari? To lambar nan da adireshinka take fitowa. Takardar gwamnati ce za ta ce kai ɗan Rurum ne, ka kai wa alƙali ya gani. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Na bar ka lafiya.
Ramlatu

Rurum Tsohon Gari

Ramlatu,

Sallama. Na ji daɗin maganarki, har na gaya wa majalisa Isiyaku ya kuka da kansa. Na hau acaɓa na je Rano, na sha layi, aka buga min takardar daga bayanan katin ɗan ƙasa.

Kin tuna shekarar da ake yin katin, layin Rano ya yi tsawo, na je na yi nawa wajen surukina Haliru, na ba da adireshin gidansa?

Kibiya aka rubuta, da hatimi.

Kada ki tura wa kowa. Su zaftare abin da za su zaftara. Jibi ne zaman kotu, kuma majalisa na jiran in nuna musu takarda.

Ki sa ni a addu'a.
Kawunki, Mato na Rurum