Ƙofar Madam Afiwa

Juma'a, 16 Janairu 2015

Sun ƙone cocin 'yan Togo da ke ƙarshen layinmu. Bayan saukowa daga masallaci ne. Wai saboda zanen ɓatanci da wasu suka yi a Faransa. Ina Faransa, ina Sabon Garin Damagaram?

Ina shago ni kaɗai na ji ihu. Madam Afiwa tana cocin, ranar shararsu ce. Shekara goma sha tara muna ɗinki a shago ɗaya, ita ta koya mini taka keke. Mijinta, Papa Kojo, ya faɗo gidanmu ba takalmi. Na tura shi ɗakin Inna, na rufa masa zane. Tsoho mai ciwon suga. Sai la'asar sojoji suka zo suka kwashe 'yan cocin duka zuwa bariki.



Asabar, 17 Janairu

Ban buɗe shago ba. Layin duk ƙauri.

Lahadi, 18 Janairu

Na dafa shinkafa da miyar gyaɗa na kai bariki. Sojan bakin ƙofa ya sa na jira kusan awa guda. Da ta fito, zanen ranar Juma'a ne a jikinta. Na ce, "Madam, sannu." Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Mun ci abinci." Na ce ai na Papa ne, ban sa gishiri da yawa ba. Ta ce, "Ki mayar, Hafsa. Kun yi mana abin da ya isa."

Kun. Ni da wa?

Na dawo da kwanon da zafinsa. A hanya na yi ta magana ni kaɗai kamar mahaukaciya. Ni da na ɓoye mijinta a gadon uwata! Da an gan shi, gidanmu za a bi da wuta. Ko sannu.

Talata, 20 Janairu

Aisa maƙwabciyata ta leƙo wai ta zo gaida Inna. Ta ce, "An ce kin kai wa arna abinci." Na ce an faɗa miki daidai, kuma sun ƙi ci, sai ki kai wannan labarin ma. Aisa da Madam ta yi wa ɗinkin bikin 'ya'yanta uku.

Can ba a so na, nan ana zunɗe na.

Alhamis, 22 Janairu

Papa Kojo ya zo da soja ɗaya ɗaukar kaya daga gidansu. An ɓalle ƙofar, ba a bar ko tabarma ba. Ya tsaya ya gaida Inna har ƙasa. Da zai fita na bi shi zaure, na ce Papa, me na yi wa Madam? Hausarsa ta fi tata, tun yana saurayi ya zo garin nan aikin gini.

Ya ce, "'Yata, ba ke ba ce. Tana cikin coci lokacin da suka zo, ta taga ta fita. Ta ga wanda ya zuƙo esansi, man fetur, daga motonsa ya watsa a benci." Na ce wa? Ya ce, "Ki tambayi Mansur."

Ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Na ce ƙarya ne. A fuskarsa na faɗa, tsohon da ya kai sa'an ubana. Ya sa hularsa ya tafi.

Juma'a, 23 Janairu

Mansur ya zo cin tuwon rana kamar kullum, ya jingine motonsa na kabo-kabo a zaure. Na bari ya wanke hannu sannan na tambaye shi.

Bai ko musa ba! "Yaya, ni ban taɓa mutum ba. Benci ne da kwanon rufi." Na ce akwai mace a ciki. Ya ce bai sani ba. Na ce macen da ta kwana biyu a likita tare da matarka ranar da ta kusa mutuwa wajen haihuwa. Ya ce, "An zagi Manzon Allah, kina so in zauna?" Na ce Madam Afiwa ce ta zage shi? Ta san ma hanyar Faransa?

Inna ta fashe da kuka, ta ce in rufa mata asiri, ɗanta namiji ɗaya ke nan. Ya ci tuwonsa. Har ya ƙara miya.

Lahadi, 1 Fabrairu

Ana ta kiran mutane komisariya, wajen 'yan sanda. An kama wasu a layin baya. Inna ba ta cin abinci, da an buga ƙofa sai ta miƙe.

An ce an kira Madam, an tambaye ta ko ta gane wani. Ta ce hayaƙi ya hana ta gani.

Ya kamata in ji daɗi. Haushi na ji. Da ta faɗi sunansa, da na san wurin da zan ajiye fushina. Yanzu ta bar mu da shi, ta yi mana alheri ta kuma ƙi kallon fuskarmu. Mansur da ya ji, cewa ya yi, "Kin gani? Allah ya kare."

Laraba, 11 Fabrairu

Sun tafi. Kar ɗin safe, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, daga can Lome. Wajen mai sayar da zare a Kasuwar Dole na ji. Shekara goma sha tara, a bakin mai zare zan ji!

Ta aiko an ɗauki kekenta ranar da na raka Inna garin Takieta gaisuwar rasuwa. Ta san ba na nan. Sawun ƙafafun keken na nan a siminti, guda huɗu.

To, Allah ya kiyaye hanya. Ba zan sake rubuta sunanta ba.

Lahadi, 1 Maris

'Yan cocin da suka rage ba su fi goma sha biyar ba. Sun ɗaura tamfol a cikin kangon cocin, suna ibadarsu ƙasa-ƙasa kamar masu satar hanya. Da sun gama kowa ya sulale. Na wuce zan je kasuwa, wata a cikinsu ta gaishe ni. Na yi kamar ban ji ba. Me zan ce mata?

Alhamis, 12 Maris

Matar nan ta zo shago. Selestin sunanta, 'yar Benin, tana toya kifi a bakin tasha. Riguna bakwai take so na mawaƙan cocinsu, don bikin Ista, na da sun ƙone. Ta ce teloli uku ta je, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa.

Na ce ni ma haka. Kekena a rufe yake da tsumma a lokacin, tana gani.

Ta ce, "Madam Afiwa ta ce in kowa ya ƙi, in zo wurinki." Na ce to ki gaya mata ni ma na ƙi.

Ta bar yadin a kan tebur ta fita. Fari ne da shuɗi. Rainin hankali.

Litinin, 16 Maris

Yadi mai kyau ne. Zai yi ƙura a nan. Na yanka biyu, don kar ya lalace kawai.

Asabar, 28 Maris

Da farko ina tura ƙofa in zan ɗinka su. Zafi ya ishe ni, na buɗe. Aisa ta tsaya ta ce kayan wa ne haka iri ɗaya? Na ce na 'yan coci ne. Ta ce, "Hafsa, ki ji tsoron Allah." Na ce shi nake ji.

Mansur ya gani shi ma. Ya ce, "Yaya, mutane za su yi magana." Na ce ka je ka ce musu yayarka tana maida abin da ka ƙone. Ya tashi bai ci tuwon ba. Karo na farko. Inna ta yi fushi da ni har yamma.

Alhamis, 2 Afrilu

Na kai kayan da kaina da hantsi, a ka na ɗauka, ta tsakiyar layi. Ban taɓa shiga wurin ba tun ranar. Bango baƙi ƙirin, kwanon rufi a murɗe a gefe guda. Na ga tagar. Ƙarama ce ƙwarai, kuma da tsawo daga ƙasa. Mace mai shekara hamsin da shida, mai ciwon gwiwa. Ban san yadda ta bi ta nan ba. Ban taɓa tambaya ba.

Selestin ta gwada rigar, ta zauna mata. Ban yi niyyar tambayar lambar wayar Madam ba, bakina ne ya riga ni. Ta rubuta mini a takardar da take naɗe kifi.

Lahadi, 5 Afrilu

Na kira bayan azahar. Da ta fara ƙara na kashe. Ba a jima ba wayar ta yi kuka.

"Hafsa ce?" Na ce ni ce, Madam. Ina jin kukan kaji a wajenta. Sai ta ce, "Ya ƙafar Inna?" Na ce da sauƙi. Na ce ya Papa? Ta ce yana ta cigiyar furar Damagaram.

Na ce na ga tagar. Can ta ce, "To."

Ban ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta ce "ba komai" ba. Na ce zan sake kira, ban san ko gaskiya na faɗa ba. Takardar tana ƙarnin kifi, shi ya sa na kwafe lambar a nan, a bangon bayan littafin nan.