Manaja 'Yata Ce

Litinin, 3 ga Maris
Na sake jera masu gadina a bakin get na karanta musu: in abu ya taso ku gaya mini, ni in gaya wa Mai Tabarau na ofishin mulki, shi ya kai wa Manaja. Ba tsallake. Haka na yi aikin soja har na fito da igiyar saje, ban taɓa jin kunya ba.
Wai don Manajar kamfanin 'yata ce. To sai me? A nan "ranki ya daɗe" nake ce mata, in ƙame.

Laraba, 5 ga Maris
Mai kula da sito ya ce a buɗe wa wata babbar mota, wai umarni daga sama ne. Na ce wa Dogo, ɗaya daga cikin masu gadina, buɗe. Ya buɗe.

Jumma'a, 7 ga Maris
Ashe kayan kamfani motar ta kwashe. Mai sito ya rantse bai ce komai ba. Bakinsa ko rawa bai yi ba, ɗan banza! Yanzu Dogo ake shirin kora, wai shi ya zare sakata. Mutum da mata da ƙananan yara.
Na je wa Mai Tabarau, na ce ni na ba da umarni. Ya ce, "Za a duba, Saje." Na yarda. Hanya ce, kuma hanya tana aiki.

Lahadi, 9 ga Maris
Maman yara: "Yarinyar nan fa gobe za ta zo gaishe mu. Buɗe baki ka gaya mata mana!" Na ce gida daban, aiki daban. Ta ce taurin kaina ko jaki sai ya sara mini.

Talata, 11 ga Maris
Ta zo jiya. Mun yi hirar ciwon gwiwata, ta tafi.
Mai Tabarau bai kai maganar ba. Na gane daga yadda ya kama goge tabaransa da ya hango ni. A bariki, in ka ba da umarni, laifin a wuyanka yake. A nan kowa sai ya tura wa na ƙasa. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Laraba, 12 ga Maris
Jibi za a sallami Dogo. Ya sara mini da safe kamar kullum. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 13 ga Maris
Na je gidan 'yata da yamma, jikana kawai na je gani. Magana ta kawo magana.
Ta ce, "Baba ne ke magana ko Saje?"
Na ce ta zuba mini ruwa, ƙishi nake ji.

Litinin, 17 ga Maris
Dogo na bakin get. Mai sito na amsa tambayoyi a sama. Ni kuwa an dakatar da ni mako guda, don na sa a buɗe ban tabbatar ba. A gaban Mai Tabarau ta faɗa, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Yarinyar da na koya wa ɗaure takalmi! Na ƙame na ce, "An gama, ranki ya daɗe." Wallahi daɗi na ji.
Ban tsallake kowa ba, a sani. Ziyara na kai.
Kafin in fito dai na ce wa yaran, in abu ya taso bana nan, kuma Mai Tabarau ya fara goge tabarau, ofishin Manaja na hawa na biyu, ƙofar hagu.