Galan Biyu

Greensboro, Litinin 29 ga Satumba, 2008

Ƙanwata Dalila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da azumi, ina gaishe ki da haƙuri. Ina maigidanki Tassiou, ina yara? Allah ya jiƙan Inna Larai, ya yalwata kabarinta, ya sa wannan wata da ta cika a cikinsa ya zame mata shaida.

Na kira portable ɗinki har na gaji da jin muryar na'ura. Jiya na tako da ƙafa har ƙofarki, na buga, na ga labule ya motsa, ba a buɗe ba. Shi ya sa na koma ga takarda, kamar kina Maradi ina nan, alhali titi huɗu ne tsakaninmu.

Na san abin da na yi. Inna ta ce da ni a gabanki, tun kafin azumi, "Hamsatou, in na mutu a ƙasar nan, ke za ki wanke ni." Na ce to. Na wanke gawar mata goma sha ɗaya a garin nan, wasu ko sunansu ban sani ba, amma wadda ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ban zo ba.

Ki bari in gaya miki yadda aka yi. Tun da guguwar nan ta bugi Texas esansi, man mota, ya yanke, kin gani da idonki, kowane gidan mai an ɗaure wa famfonsa leda. Galan biyun da Tassiou ya taimaka min da su ranar Lahadi, su suka kai ni aiki Summerfield ranar Litinin suka dawo da ni. Ranar Talata na sake komawa, ina shiga harabar gidan Miss Eula fitilar mai na ja. Ita ce tsohuwar da nake kula da ita, shekararta tamanin da bakwai, ba ta tashi sai an ɗaga ta, ba ta ci sai an ba ta a baki. Matar da ke canza ni da yamma ta bugo ta ce motarta ba mai. Masu kawo wa tsofaffi abinci su ma suka daina zuwa. Na kira agency, kamfanin da ya tura ni aikin, suka ce in zauna har su samo wani. Sai ranar Asabar suka samo.

Ina can labarin Inna ya same ni ranar Laraba. Allah ne shaida abin da na ji.

Ki yafe min, Dalila. Ki bar ni in zo in zauna tare da ke ko da ba za ki ce min komai ba.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Hamsatou

*

Juma'a 3 ga Oktoba

Hamsatou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi salla, mun ga abincin da kika aiko, na ba maƙwabta.

Na karanta takardarki sau biyu. Kin iya tsara magana, dama can kin iya. Amma akwai abin da kika tsallake. Ranar Alhamis da safe Malam Rabiou ya kira ki, ina tsaye kusa da shi. Ya ce yana da rabin tanki, zai zo har Summerfield ya ɗauko ki ya mayar da ke. Kika ce a'a. To ina ruwan esansi a nan?

Awa biyu muka roƙa. Awa biyu kawai.

Kin san wa ya wanke ta? Ni. Ni da Aïchatou, matar Rabiou, wadda ba ta taɓa taɓa gawa ba, tana riƙe da ƙaramin littafi tana karanto min. Mutanen funeral home, gidan da ake shirya gawa, suka ba mu ɗaki mai sanyi, suka ce ƙarfe goma sha ɗaya akwai wasu bayanmu. Ban san yadda ake juya mutum ba. Kanta ya bugi gefen tebur, Hamsatou, na ji ƙarar. Na ce, "Inna, yi haƙuri," kamar za ta amsa. Ganyen magarya da kafur suna gidanki a kulle, da sabulun wanke hannu muka yi.

Sannan maƙabarta. Mutum bakwai suka raka ta, mota biyu. Matar da ta ciyar da rabin 'yan Nijar na garin nan kowace asuba ta azumi. Kowa ya bugo waya yana ba da haƙuri, kowa ba mai. Su ban riƙe su ba, ba su yi mata alkawari ba.

Ke kin zaɓa. Kin zauna kina ba wata tsohuwa ayaba a cokali, wadda gobe in an tambaye ta sunanki ba za ta iya faɗa ba. Aikinki ne, na gane. Kowa da abin da ya kawo shi Amurka.

Kada ki sake aiko abinci. Yara na tambaya, ban san abin da zan ce musu ba.

Wassalam,
Dalila

*

Laraba 8 ga Oktoba

Ƙanwata Dalila,

Assalamu alaikum. Ina yini, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ba ki ladan abin da kika yi wa mahaifiyarki. Na kasa cin abinci ranar da na karanta zancen tebur ɗin nan.

Gaskiyarki, Malam Rabiou ya kira, na ce a'a. Ban rubuta ba don na ji kunyar abin da ya biyo baya.

Miss Eula na da ɗa guda, lauya ne, yana zaune a unguwar Irving Park. Tun ranar Laraba da yamma nake kiransa. Na ce uwata ta rasu, ya zo ya zauna da tasa uwar awa biyu gobe da safe. Ya ce zai zo. Da na ji haka na yi wanka, na shirya, na yi wa tsohuwar komai da wuri, na tsaya a taga.

Ya zo ƙarfe tara saura. Bai shigo ta ƙofar gida ba, gareji ya buɗe. Ashe akwai bidon biyar, jarkoki cike da esansi, a bayan injin yankan ciyawa, na janareta ne da mahaifinsa ya bari. Na fita na same shi yana loda su a mota. Na ce, "Mr. Grant, ga ta can na ba ta magani, sai dai ka zauna kusa da ita, in ta yi tari ka ɗaga mata kai."

Ya duba agogo. Ya ce, "I'm so sorry for your loss, amma yau ina kotu ƙarfe goma."

Na ce to ya bar min galan ɗaya, in sa uwarsa a motata in tafi da ita, ta jira ni a mota.

Ya ce in na fitar da ita daga gidan nan, shi da kansa zai kira 'yan sanda. Bai ɗaga murya ba, cikin ladabi ya faɗa. Daga nan ya buɗe firiza ya kwashi nama da burodi, ya ce shagon unguwarsu ba komai a kan kanta. Ya leƙa ɗakin uwarsa ya ce, "Hi, Mom," ya tafi. Gwangwanin miya shida ya bar mana da kwalin hatsin karin kumallo. Da su na yi buɗa-baki kwana uku.

Bayan tafiyarsa da minti goma Malam Rabiou ya kira. Ina riƙe da wayar, tsohuwar ta sarƙe da yawunta, fuskarta ta yi baƙi. Na jefar da wayar na ɗaga ta. Haka take yi sau uku sau huɗu a yini. Da na tafi na dawo na tarar da gawa, Dalila, me zan ce wa Allah? Kuma kin san zancen takarduna na zaman ƙasar nan, kin san inda zan kwana.

Ban ce na yi daidai ba. Kullum in na yi salla sai in sake aunawa, in ga kamar da na sa ta a motar Rabiou kawai, abin da zai faru ya faru. Ba ta ma san wace ce ni ba, haka ne. Linda take kira na, sunan wata da ta yi mata aiki shekara talatin da suka wuce. Amma ta riƙe min hannu ta ce, "Linda, kada ki bar ni." Ban iya cire hannuna ba.

Yanzu kin ji duka. Ki gaida Tassiou, ki shafa min kan yara.

Yayarki,
Hamsatou

*

Lahadi 19 ga Oktoba

Hamsatou,

Salam. Na daɗe ban amsa ba. Na rubuta sau uku na yaga.

Kin ce na ji duka. Ke ce ba ki ji duka ba.

Galan biyun nan, ina kika ɗauka Tassiou ya samo su? Ya ce miki wani abokin aikinsa ne ya ba shi. Ƙarya ce, Inna ce ta sa shi ya faɗi haka, don ta san ba za ki karɓa ba. Daga motata ya zuƙo su da tiyo. Ranar Lahadin nan da kika bugo kina kuka za a kore ki daga aiki, Inna na jin ki. Ta ce a ba ki. Na ce, "Inna, ranar Alhamis kina da likitan zuciya a Winston, abin da ke tankin nan shi zai kai mu." Ta ce, "Kafin Alhamis Allah zai kawo. Ita ba ta da miji a nan, ba ta da kowa sai mu." Mun yi gardama har na ɗaga mata murya. Ita ce gardamarmu ta ƙarshe.

Allah bai kawo ba. Ranar Laraba aka ce tanka ta sauke mai a wani gidan mai a titin Wendover. Tassiou na wurin aiki, yara na makaranta. Na bar ta a kicin tana tsince wake, na ce awa ɗaya zan yi. Na shiga layi ƙarfe takwas. Layin ya zagaye unguwa, mutane na kashe mota suna turawa da hannu, wasu maza biyu suka ba hammata iska a gabana a kan wa ya riga wa. Ƙarfe goma na kira gida ba a ɗauka ba, na ce tana alwala. Sha ɗaya na sake kira. Zuciyata ta ce in fita daga layin. Na ƙirga motocin gabana, saura goma sha huɗu. Na zauna.

Saura uku a kai gare ni, mai gidan man ya fito da leda ya ɗaure famfon.

Ƙarfe ɗaya saura na shiga gida. Tana kwance a ƙasan kicin, waken ya watse ko'ina, wayar bango tana lilo a kan igiyarta. Ta kai hannu ta ciro, ba ta samu ta buga ba. Likita ya ce da wuya a ce da an same ta da wuri da ta rayu. Da wuya, ya ce. Bai ce a'a ba.

Kin ga ke nan. Man da ya kai ki Summerfield shi ya sa ni a layin nan. Da na ga ba ki zo wanka ba, sai na ga an ƙwace min uwa don wata tsohuwa ta ci ayabarta a kan lokaci, ɗanta kuma na da bidon biyar. Kullum in zan bi ta hanyar filin jirgi sai na ga manyan tankunan ajiye man nan farare, sun fi ɗari, a garinmu, a gefen hanyarmu. Ban san wa zan tsana ba. Ke ce kusa.

Mai ya dawo yanzu, ko layi babu. Jiya na cika tanki cikin minti huɗu, na zauna a motar na kasa tayar da ita.

Tassiou bai san na gaya miki ba. Ya yi wa Inna alkawari, shi ya cika nasa.

Dalila

*

Laraba 22 ga Oktoba

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wallahi ban sani ba. Da na sani da na ajiye aikin nan tun ranar Lahadin. Na zuba man a motata ina murna, har na bugo wa Inna na ce Allah ya yi wa abokin Tassiou albarka, ta yi dariya ta ce amin.

Aikin ma babu shi yanzu. Makon jiya ɗanta ya kai Miss Eula gidan tsofaffi, ya ce abin da ya faru ya nuna masa ba za a dogara da masu zuwa gida ba. Ya aiko min da kati mai hoton fure ta hannun agency. Ban gaya miki don ki ji tausayina ba, na ga ya kamata ki san inda galan biyunki suka ƙare.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ɗora min nawa, zan ɗauka. Amma layin nan, ki sauke shi daga kanki. Don ki kai ta wurin likita kika shiga.

Ba zan sake buga ƙofarki ba sai kin ce in zo. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ki sanyin zuciya.

Yayarki,
Hamsatou

*

Asabar 1 ga Nuwamba

Yaya Hamsatou,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki.

Jibi Inna ke cika kwana arba'in. Za mu yi addu'a mu kaɗai. Kada ki zo tukuna, in na ga fuskarki ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Amma akwai abin da ke hana ni sukuni. Ki rubuto min yadda ake wankan, daga farko har ɗaurin likkafani, kada ki tsallake komai, kada ki sassauta don ni. Ina jin da hagu na fara. Ban tuna ko na yi mata alwala kafin in zuba ruwa ko bayan na zuba ba. Gashinta kuma biyu na kitsa, daga baya aka ce min uku ake yi.

Ina so in san abin da na yi daidai da abin da na ɓata. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ki sa a akwatin wasiƙa. Zan duba.

Dalila